Lakar da Balaraba Ba Ta Wanke Ba

In ka shiga Badariya kana neman gidan Malama Balaraba Kalilu, kada ka wahalar da bakinka wajen cewa malamar zane. Ka ce gidan Mai Laka, kowane mai keke zai sauke ka a ƙofa. Shekara talatin da biyar ta yi tana koyar da zane a wata makarantar 'yan mata cikin Birnin Kebbi, kuma duk tsawon shekarun nan ba wanda ya taɓa ganin farcenta fes. Ko ranar sallah ta sha lalle, in ka duba da kyau akwai ƙasa a ƙarƙashi. Doguwa ce, mai kaifin baki, mai sakin hannu, irin matan da in baƙo ya tarar da su suna cin tuwo sai su tura masa kwanon su ce sun ƙoshi. Aibinta ɗaya ne, kuma ba zan rufa mata asiri a kansa ba tunda ita ma daga baya ta daina rufawa: ba ta iya jin ana yabon wani a kan abin da ta iya.

A Zauro aka haife ta, gidan manoman shinkafa. Mahaifinta Malam Kalilu yana da gona a bakin gulbin Rima, wadda ko daga nesa ake gane ta da giginya uku da ke tsaye a gefenta, biyu a miƙe, ɗaya ta karkata wajen ruwa. Amma ba wurin uban ta ɗauko sana'a ba. Wurin kakarta Kulu ta ɗauko, tsohuwar da ake kira in za a yi wa ɗaki ado. Kulu ba ta san fenti ba. Farar ƙasa gare ta, da jar ƙasa, da shuni, sai wata laka mai duhu-duhu da take haƙowa a gaɓar gulbi in ruwa ya janye. Lakar nan in ta bushe a bango ba ka ce mata toka-toka ba, ba ka ce mata kore ba. Launin gulbi ne sak a watan da ya cika ya kawo.

Sai dai lakar tana da sharaɗi, don akwai kanwa a cikinta. Kulu takan jera ƙwarya uku a bayan ɗaki. Ta jiƙa lakar a ta farko ta dama, ta bari ta kwanta, ta tsiyaye ruwan saman, ta juye a ta biyu, haka har ta uku. Sannan ta dangwalo da yatsa ta ɗora wa jikarta a harshe.

"Kin ji kanwa?"

"A'a, Kaka."

"To, yanzu a sa ƙaro. In halshenki ya ji kanwa, bango ma ji zai yi. Da rani ta yi maki kyau har ki yi rawa, damana na sauka ta taso ta yi fari, ta ɓanɓare ta bar ki da kunya."

Balaraba tana aji huɗu a firamare ubanta ya kama ta ta zana jakin maƙwabta da gawayi a jikin rumbu, har da kunnensa da ya yage. Bai doke ta ba. Ya daɗe tsaye yana kallo, don jakin ya fito ba ƙarya, sannan ya sa ta goge da hannunta.

"Ɗiyata, Allah ya yi duniya da faɗi," in ji shi. "Ga ruwa, ga itace, ga sama. Ki zana su har ki gaji. Mai rai kuwa ki bar wa Mai shi."

Ta riƙe wannan magana har tsufanta. Ta yi kwalejin horon malamai, ta ƙaro karatun zane a Sakkwato, ta dawo ta kama koyarwa, amma ba a taɓa ganin mutum ko tsuntsu a zanenta ba. Fadama take zanawa: shinkafa da ta fara kai, kwalekwale a ɗaure ba kowa ciki, malfa rataye a kan gora, sawun ƙafa a cikin taɓo. Mutane suka ce in ka kalli zanen Balaraba sai ka ji kamar mai gonar ya je salla ne, yanzu zai dawo. Da aka ƙirƙiro jihar Kebbi aka buɗe sababbin ofisoshi, bangaye suka zama fayau suna neman abin ratayawa, sai aka riƙa zuwa wajenta. Kowace shekara kuma tana hanyar Argungu, ta zauna a bakin Matan Fada, inda ake bikin kamun kifi, ta zana wurin kafin masunta su cika shi da kuma bayan sun watse. Mijinta Munzali, Allah ya ji ƙansa, mutum ne mai sanyin hali. Shi ya kafa mata rumfa a bayan gida, yakan ce shi kam ya auri mace ya samu maginar tukwane a gyara.

A cikin duk abin da ta zana, wanda ta fi so shi ne gonar ubanta, mai giginya uku. Wannan ba ta ba kowa ba. A ɗakin zane na makaranta ta rataye shi, saman allo, don yara su ga abin da ƙasar garinsu ke iya yi.

A ƙarƙashin hoton nan wata yarinya ta zo ta zauna, Nazifa Muhammad Sani, daga Gwadangaji. Siririya ce, ba ta da surutu, in aka kira suna sai an maimaita kafin a ji amsarta. Wata rana Malama ta kai 'yan ajin bakin fadama ta ce kowa ta zana abin da ta gani. Tana bin su tana duba takardu, tana yi musu tsiya yadda ta saba, wannan ta ce mata itacenki ya yi kama da tsintsiya, waccan ta ce ko gulbinki na hawan tudu ne, har ta iso kan Nazifa ta tsaya.

Yarinyar ta zana fagen shinkafa da ruwa kwance a ciki. Inda hasken sama ya faɗa cikin ruwan kuwa ba ta shafa komai ba, farar takardar ta bari yadda take. Ruwan ya yi ta walƙiya a takarda har ka ce zai jiƙa maka hannu. Shekara ashirin Balaraba tana dama farar ƙasa da shuni tana neman wannan haske, ba ta taɓa tunanin a bar wurin haka nan ba. Wani abu ya tokare mata ƙirji. Da farko ta ɗauka murna ce, da ta haɗiye ta ji ɗaci sai ta gane ƙyashi ne.

"Wa ya koya maki wannan?"

"Ba kowa, Malama. Na ga wurin ya riga ya yi fari ne."

Malama ta ɗauki jan biro ta rubuta shida bisa goma, ta ce aikin bai ƙare ba, an bar rami a tsakiya. Da ta koma gida ranar ta shiga rumfa ta gwada barin rami a nata zanen. Ya yi kyau, kuma kyan da ya yi ya ƙara ɓata mata rai.

Kada ka ce Balaraba ta tsani yarinyar. Da ta tsane ta da abin ya zo da sauƙi. Sonta take yi, tana kuma jin zafinta, duk a zuciya ɗaya. Ita ta riƙa ba ta takardu da buroshi. Da mahaifiyar Nazifa ta rasu, ita ta kwana uku a gidan makoki tana dafa wa masu gaisuwa abinci, kuma tun daga lokacin yarinyar ta bar ce mata Malama ta koma ce mata Inna. Da Nazifa ta gama sakandare ubanta ya ce zane ba karatu ba ne, Balaraba ce ta yafa mayafi ta hau keke har Gwadangaji. Ta zauna a zaure ta yi ta yi da shi daga la'asar har aka kira magariba, sai da ya yarda 'yarsa ta tafi Zariya ta karanta zane. A hanyar dawowa tana murna, tana kuma tambayar kanta wane tsautsayi ya kai ta.

Duk abin da ta sani ta koya wa Nazifa, sai abu ɗaya. Lakar da take kaiwa makaranta kullum wankakkiya ce, a gwangwanayen madara. A gida take wanke ta, a rumfa, da sassafe, ita kaɗai. Da farko ba ɓoyewa take yi ba, aikin ne mai ɓata wuri, kuma yara ba su da haƙurin jiran laka ta kwanta. Amma ranar da Nazifa ta murza lakar a yatsa ta ce, "Inna, mi kike yi mata take laushi haka?" sai Balaraba ta ji bakinta ya ce, "Hannu ne." Daga ranar ta san ɓoyewa take yi. Ta ce wa kanta ko kaza in tana tono takan bar wa kanta ƙwaya ɗaya.

Shekaru suka yi ta tafiya da abin da suke tafiya da shi. A shekarar babbar ambaliya gulbi ya sake hanya, ya cinye gonar Malam Kalilu har da giginyun, wurin ya zama tsakiyar ruwa. Bayan shekara uku, a wani dogon hutu, gara ta bi bango ta cinye hoton gonar, aka dawo aka tarar da katako kawai. Balaraba ta yi kukan da ba ta yi ba ranar ambaliyar. Ta sha cewa za ta sake zana shi, yau da gobe, har yanar ido ta fara rufe mata gani. Ta yi ritaya tana ganin mutum amma ba ta rarrabe fuskarsa sai ya matso.

Wa aka ba ɗakin zanenta? Nazifa, wadda ta dawo daga Zariya da takardar digiri. Ɗakin nan dai, allon nan dai, har kujerar da ƙafarta ɗaya ke rawa. Nazifa kuwa 'yar zamani ce, tana gama zane sai ta ɗauki hotonsa ta sa a waya, mutanen Abuja da Legas su yi ta yabo. Duk Juma'a takan zo Badariya da ƙunshin kifi ko albasa, ta durƙusa ta gaida Inna, ta nuna mata sabon aiki a waya. Balaraba takan kai wayar kusa da hanci, ta daɗe, sannan ta ce, "Ba laifi. Sai dai sararin ya yi yawa." Ko sau ɗaya ba ta taɓa cewa ya yi kyau ba, alhali kuwa ko da rabin ido tana ganin ya yi.

Labarin bangon Argungu a kasuwa ta ji shi, a shagon Akanbi, Bayaraben da ke sayar da fenti da buroshi, wanda ta shekara ashirin tana ciniki wurinsa.

"Hajiya, barka da arziki," in ji Akanbi, yana washe baki. "Ɗiyarki ta ciwo mana tuta. Babban zauren baƙi da aka gina a Argungu saboda bikin kamun kifi, ita aka ba bangon ta zana. Bango ne fa daga nan har wancan shago. Jiya ta zo ta kwashe mini fenti."

"Masha Allah," in ji Balaraba. Ta manta abin da ta zo saya, ta juya.

Shekara talatin tana zama a rana a bakin Matan Fada. Ta san inda ruwan ke yin duhu da inda yake yin haske, ta san kowace bishiya ta wurin. In dai bango za a zana a Argungu, ko don kunya a zo a tambaye ta, ita kuma ta ce idona ba ya gani, ku ba ɗiyata. Ko wannan girman ba a bar mata ba. Kamar bai isa ba, bayan kwana biyu tana tsince shinkafa a tsakar gida sai ta ji muryar Nazifa a rediyo, mai gabatarwa yana cewa yau ga mu tare da mace ta farko da ta fara zana fadamar Kebbi. Balaraba ta miƙa hannu ta kashe rediyon har sai da ya faɗi. Abin da Nazifa ta amsa masa, ba ta ji ba, ba ta kuma tambayi kowa ba.

Ranar Juma'a Nazifa ta zo kamar kullum. Bayan gaisuwa ta yi ta murza bakin mayafi.

"Inna, roƙo na zo yi. Akwai wani wuri a bangon da ba ni son in sa fentin kanti. Lakarki nike so, ta Zauro. In kin ba ni da hannunki, na san da albarka."

Balaraba ta tashi ta shiga rumfa. A can akwai laka iri biyu. Ga wankakkiya a gwangwanaye, jere a kan katako. Ga kuma wadda aka kawo mata daga Zauro makon jiya, an shanya, an daka, an tankaɗe, ba a kai ga wankewa ba. A ido duk ɗaya suke, harshe ne kaɗai ke raba su. Ta kai hannu kan gwangwani, sai ta ji muryar mutumin rediyo a kunnenta: mace ta farko. To, tunda ita ce ta farko, ai ta san komai. Hannun ya sauka kan buhu. Ta cika ƙaramin bokiti da wadda ba a wanke ba, ta fito da shi.

"A niƙa da ruwa, a sa ƙaro, shi ke nan ko, Inna?"

"Shi ke nan," in ji Balaraba.

Nazifa ta karɓa da hannu biyu ta yi ta godiya. Bayan ta tafi Balaraba ta zauna tana yi wa kanta shari'a, ita ce mai ƙara, ita ce alƙali. Laka aka roƙe ta, laka ta bayar. Ƙarya ta yi? Ba ta yi ba. Ranar dai ba ta iya cin tuwon dare ba, ta ce yajin miyar ya yi yawa.

Aka gama bango kafin biki. Nazifa ta zo da mota har ƙofar gida don ta kai ta wajen buɗewa, Balaraba ta ɗaure gwiwa da tsumma ta ce sanyin ƙashi ya tashi. Aka nuna mata hoton a waya, ta ce yau idon ya ƙi sam. Duk wanda ya dawo daga Argungu kuwa sai ya biyo ya yi mata barka, ya ce baƙi sun yi ta tsayuwa gaban bangon suna ɗaukar hoto. Ita kuma tana cewa madalla, a ranta tana cewa ku dai jira damina.

Damina ta zo. Ruwan farko da ya sauka, ba zan ɓoye ba, daɗi ta ji. Na biyu ma haka. Amma da aka shiga watan Agusta, ƙasa ta sha ta ƙoshi, bangayen gidanta suka fara tsattsafo da danshi, sai daɗin ya juye. In hadari ya haɗo ta kasa zama wuri ɗaya. Ta ɗaga hannu za ta yi addu'a bayan salla, ta rasa me za ta roƙa, bangon ya tsaya ko ya zube. Sai Juma'a ta zo Nazifa ba ta zo ba. Wata Juma'ar ma shiru. Ranar Asabar da safe Balaraba ta ɗauki sanda da mayafi ta tafi tasha ta shiga motar Argungu.

Zauren a buɗe yake, ba kowa sai ƙarar wani abu ana kankarewa. Ta shiga ta fara bin bangon daga gefe, kusa-kusa, don daga nesa ba ta gani. Ga Matan Fada da safe, kwalekwale jere ba kowa ciki, goruna da taruna a zube a gaɓa. Ga fagen albasa. Ga hasken sama a cikin ruwa, farin bangon aka bari. Duk wannan fentin kanti ne, kuma yana nan daram. Ta taɓa, ta ji ƙyashin nan nata ya motsa kamar yadda ya saba, don aikin ya fi ƙarfin a ce ba laifi.

Da ta iso tsakiya sai sandarta ta taka ɓarɓashi a ƙasa. Ta ɗaga kai. Wuri ne mai faɗin tabarma biyu, ya yi fari fat kamar an watsa gishiri, ya kumbura, ya ɓanɓare. Ta matsa har hancinta ya kusa taɓa bangon. A cikin abin da ya rage ta ga kan giginya ɗaya, ta ga na biyu. Ta bi da yatsa ta sami ta ukun, wadda ta karkata wajen ruwa, rabinta ya zube. A ƙasa an yi rubutu da manyan baƙaƙe da fenti, shi kam bai goge ba: Gonar Malam Kalilu, Zauro. Yadda Malama Balaraba ta fara zana ta.

Gonar da gulbi ya ci, hoton da gara ta ci, ashe yarinyar nan ta riƙe shi a ka tun tana zaune ƙarƙashinsa a aji. Duk bangon nan, nan kaɗai ta sa lakar. Balaraba ta dafa bango, wani ɓangare ya ƙara ɓallowa a tafinta.

"Inna? Ke da wa kinka zo?"

Nazifa ce ta sauko daga kan benci da wuƙar kankara a hannu, ta rame, duk jikinta farin gari. Ta durƙusa a cikin ɓarɓashin.

"Kunya ta hana ni zuwa, Inna. So na yi ki zo ki gani da idonki kafin in faɗa maki, ga shi kin zo kin tarar da wannan. Na ɓata maki laka, na ɓata gonar Baba. Na auna ƙaro yadda kike yi, na sake aunawa, ban san inda na kuskure ba. Masu zauren sun ce in kankare in shafe wurin da fenti kafin wata ya ƙare." Ta share ido da bayan hannu. "Gaskiya kinka faɗa tun ina yarinya. Hannu ne. Nawa bai kai naki ba, kuma ba ya kaiwa. Na bar taɓa laka daga yau."

To, ga shi nan. Maganar da Balaraba ta shekara goma sha biyar tana jiran ji, an kawo mata ita har gabanta, a durƙushe. Ba abin da ya rage sai ta dafa kan yarinyar ta ce ba komai, Allah ya sa haka ya fi alheri. Da ta yi haka da ta koma Badariya tana Mai Laka ita kaɗai har ta mutu, lakar ma ta bi ta kabari, a shafe gonar ubanta da fentin Akanbi. Ta juya maganar a baki ta ji ba ta da daɗin komai. Kunya ce kawai ta rufe ta tun daga kai har ƙafa.

Ta tsuguna da ƙyar, ta dangwali farin garin da ke ƙasa, ta miƙa yatsan.

"Lasa."

Nazifa ta dube ta, sannan ta lasa. Ta yamutsa fuska.

"Mi kinka ji?"

"Kanwa."

"Wanke ta ake yi. Ƙwarya ukku, a jiƙa, a tsiyaye, har halshe ya bar jin kanwa. Haka kakata ta koya mani. Ban taɓa gaya maki ba." Ta goge yatsan a zaninta. "Ranar da kinka zo, akwai wankakkiya a rumfa. Ina sane na ba ki wadda ba a wanke ba. Ba hannunki ba ne, Nazifa. Baƙin cikinki nike yi tun kina aji ukku."

Ruwa na ɗiga daga indararo a waje. Nazifa ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta daɗe tana kallon tsohuwar, ta juya ta kalli rubutun da ke ƙasan bangon, ta sake kallonta. Balaraba ta so a ce zaginta ta yi.

Can Nazifa ta miƙe ta karkaɗe zaninta. Ta fita, ta ɗan jima, ta dawo da robobi uku da ta aro wajen masu abinci a bakin titi, da jarkar ruwa, da ragowar lakar a bokitin nan. Ta jera su a gaban tsohuwar ɗaya bayan ɗaya, ta ja da baya ta tsaya.

"Ga su, Malama," in ji ta. "A nuna mani."

Rabon da ta kira ta Malama tun ranar da aka binne uwarta. Balaraba ta ji kalmar ta shige ta har ƙashi. Ta naɗe hannun riga, ta zuba lakar a robar farko, ta ce a zuba ruwa a hankali. Ta sa hannu ta fara damawa.